Sigari a Gidan Surukai

Tun daga ƙofa ya san ziyarar nan ba za ta ƙare lafiya ba. Ya zo nema wa ɗansa aure a Alƙahira, ga uban yarinyar ya miƙo masa sigari.

"Na daina, Alhaji. Likita ya hana."

"A gidana? Wallahi sai ka ɗauka! Ko raina mu ka yi?"

Uban yaron ya zaro wayarsa. A ƙarƙashin tebur ya rubuta wa zauren intanet na masu daina taba: "Ku cece ni, wannan tsohon banzan zai kashe ni wajen neman aure."

Wayar Alhaji ta yi ƙara, ashe shi ma yana cikin zauren. Ya karanta, ya ɗago kai a hankali.

Har yau uban yaron bai sani ba ko za a ba ɗansa yarinyar.