Empanadar Don Evaristo

"Daga yau, babu laifin da zai kwana a kamfanin nan ba uba," in ji Don Evaristo, shugaban injiniyoyi. Ya sayo manhaja mai tono duk abin da aka taɓa a manyan kwamfutocinsu, ya kafa doka: wanda ya kayar da shafin intanet na kamfani za a karanta sunansa, ya ciyar da ofis empanada, wato wani irin samosa.

Ranar Alhamis shafin ya faɗi. Griselda, ɗaya daga cikin injiniyoyin, ta san dalili, don ita ta goge abin da bai kamata ba.

"Nahuel, haska mana gwanin a bango!" in ji Don Evaristo ga mai kula da manhajar.

Nahuel ya bincika, ya yi tari. "Maigida, a bangon?"

"Da manyan baƙaƙe!"

Suna ya fito ɓaro-ɓaro: EVARISTO.

Sai Griselda ta tuna. Saboda tsimi, mabuɗin shiga kwamfuta ɗaya Don Evaristo ya yankar wa ofis duka, da sunansa.

"Haba maigida, kowa na kuskure," ta ce da tausayi. "Tawa mai nama, ban da zaitun."

Don Evaristo ya laluba aljihu.