Haƙori Talatin da Bakwai

"Pon ne ke wannan kuka, Baba," in ji bakaniken, yana nuna tukunyar ƙarfen da ke juya ƙafafun bayan motar. "Haƙoransa sun cinye. Mai talatin da bakwai muke nema, kuma na zagaye Zinder, babu."

Tsohon ya san inda akwai. Rana ɗaya suka sayi motocin kaya iri ɗaya shi da wansa, suka shekara talatin suna ɗauko gyaɗa daga Dogo, shi a gaba, wan a baya. Tun rasuwar wan, motarsa take kwance a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ciki.

Aka kwanto pon ɗinta, aka ƙirga haƙoran, talatin da bakwai cif. Aka ɗaura.

"Yana ɗan fito," in ji bakaniken, "amma zai kai ka."

Yana hawa hanyar Dogo shi kaɗai, sai ga siririn fiton nan a bayansa, wanda ko cikin barci zai gane. Ya rage gudu, ya matsa gefe, ya miƙa hannu ta taga yana yi wa wansa alamar ya wuce.

Hannun ya daɗe a waje.