Manomin da Baba Bai Yi wa Ido Ba

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni hutu Kaduna, na ga manyan zane-zanen da ake yi a ƙarƙashin gada, mutane kamar ka kira su su amsa. Na dawo Makarfi ina hura hanci.

Wata la'asar na tarar da Baba a bakin kasuwa, yana zana manomi ɗauke da damin rake a bangon shagon Alhaji mai taki. Har yau ina jin warin fentin nan da yake sirkawa da kananzir. Baba ba ya yi wa mutum ido a zane, saboda tsoron kada ya kammala surar mai rai.

Na tsaya gaban Alhaji da 'yan zaman benci, na ja tsaki.

"Baba, wannan makahon fa? A Kaduna ko yaro ba ya irin wannan jagwalgwalon."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, "To Malam, ka ji ɗan birni. Bar shi kawai, shafe mini bangona."

Baba bai dube ni ba. Ya goge burushi da tsumma, ya ce, "Hannun ya iya ido, ɗan nan. Ni na hana shi."

Shi da kansa ya shafe.

Yanzu da nake zaune a Kaduna, kullum ta ƙarƙashin gadar nake wucewa. Idanuwa ƙwala-ƙwala, an yi su don burge masu mota, ko ɗaga kai ba na yi. Marar idon nan ne har yau nake jin kunyarsa. Allah ya yafe mini.