Ranar Rabon Ruwa

Metodi zai yini yana huɗa bai ce ya gaji ba. Amma a tsayar da shi gaban jama'a, sai harshensa ya kafe. 'Yan ƙauyen ba sa raga masa, Bebe suke kiransa.

A ƙauyen nasu na gindin dutse a Masedoniya, magudana ɗaya ce ke shayar da gonaki. Duk shekara kafin dashen tattasai, magidanta kan taru a farfajiyar coci a raba ruwa. Kowa sai ya miƙe, ya cire hula, ya nemi rabonsa da bakinsa. Ba mai magana a madadin wani, ko da ɗan'uwansa ne. Da can mahaifin Metodi ke miƙewa. Yanzu tsohon ya rasu, kuma jinyarsa ta hana a noma gonar bara. Maƙwabcinsu Vangel ya sa wa ruwan ido.

Matar Metodi, Slavka, ta tare shi a kicin. "Tashi ka faɗa mini yadda za ka faɗa musu. Gonar ubanka ce, jinya ta hana ka noma bara, bana irinka na nan ya isa dashe. Shi ke nan fa. Ka ja numfashi, ka kalli Dedo Risto mai rabon shi kaɗai, ka manta da sauran."

"Ni zan tsaya ina yi wa tukwane jawabi? Maƙwabta su jiyo su ƙara mini suna?"

"Gara su jiyo ka a nan da su gan ka a can."

Ya buga ƙofa ya fita.

Ranar taro da safe Vangel ya riske shi a hanya, ya zaro kwalbar barasa daga aljihu. "Maƙwabci, dubi hannunka yana karkarwa kamar na tsohuwa. Kurɓi wannan, ubanka ma da ita yake buɗe baki." Ƙarya ce, tsohon bai taɓa sha kafin taro ba. Metodi ya kurɓa, ya ƙara, cikinsa ba komai.

Da Dedo Risto, tsohon da ke rabon, ya kira sunansa, ya miƙe da ƙarfinsa. Tsoro ya tafi, amma ya tafi da hankalin.

"Hular fa, Bebe?" in ji wani daga baya. "Ko da ita aka haife ka?"

Aka kwashe da dariya. Metodi ya juya ya zagi uwar mutumin, ya tono maganar wata akuya da aka daɗe da mantawa. Hula na kansa, a ƙofar coci.

Dedo Risto ya buga sanda a ƙasa. "Yaro, abu ɗaya na tambaye ka. Me kake nema?"

Metodi ya buɗe baki. Babu komai a ciki.

"Zauna."

Vangel ya miƙe, hula a hannu, murya a kwance. "Bara ba a noma gonar ba. Mai ita kuwa kun gan shi. Kada ruwa ya tafi a banza." Aka ba shi rabon Metodi.

Kafin tsakiyar rani tattasan Metodi ya ƙone a tsaye. Lokacin girbi, ƙamshin gasa tattasai ya cika kowane gida ban da nasa. Shi yana gonar Vangel yana ɗaukar buhu a matsayin ɗan ƙodago, yaran Vangel na kiransa Bebe.

Mai karatu, rawar jiki gaban jama'a ba ciwo ba ce, kowa na yi. Maganinta ka san abin da za ka faɗa, ka maimaita shi da ƙarfi a gida har bakinka ya saba. Wanda ya ji kunyar gwadawa a ɗakinsa, ya nemi ƙarfin zuciya a kwalba, haƙƙinsa zai bari a hannun wanda ya iya magana.