Inabin da Ta Tumɓuke

Shekara uku ke nan inabin kéknyelű na gonar wata bazawara, a gangaren dutsen Badacsony, yana fure amma ba ya 'ya'ya. Ba ta zargi kowa ba sai maƙwabcinta, wanda tun rasuwar mijinta yake zawarcin gonar.

Ta tare shi a bakin shinge. "Dattijo, me kake fesa wa inabina?"

Ya leƙa layukan. "Ina inabi mai tsamin nan da marigayi ya daddasa a tsakani?"

"Na tumɓuke shi. Wa ke shan giyarsa?"

"Baiwar Allah, kéknyelű mace ce zalla. Da ƙurar furen wancan take haihuwa." Ya sassauta murya. "Ke kika kashe mata miji."

Ta daɗe tana kallon ramukan inda ta tumɓuke shi.