Ranar da Tsamiya Ta Zama Baƙuwa

Tun da baƙuwar ƙayar da ake kira ci-daji ta mamaye gandun dajin Kurmin Ɓauna, hukuma ta rataya wa duk mai shiga wata 'yar na'ura a wuya, mai gano baƙon tsiro. In ta haska ja a kan tsiro, ko ka sare shi ko a hana ka shiga.

Ran nan da hantsi, na'urar Barau mai zuma ta wuce ƙayar shiru, ta haska ja a kan tsamiyar da amyarsa ke rataye. Ya goge na'urar da riga, ya sake gwadawa. Ja dai.

Ya nufi ofishin Indo, malamar daji.

"'Yar nan, abin nan ya lalace."

"Lafiyarsa lau, Baba. An sake ƙirga ne. Abin da ya fi yawa shi ne ɗan gida yanzu."

"To tsamiyar da kakana ya tarar fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ita kaɗai ta rage. Baƙuwa ce."

Barau ya koma, ya daɗe tsaye da gatari. Daga ƙarshe ya sassare ƙayar da ta shaƙe gindin tsamiyar, kamar kullum. Kafin la'asar aka sanar da sunansa cikin masu ɓarnar daji.