Sunan da Daudu Ya Tsallake

Gandiroba Daudu na tsaye a ƙofar ɗaki na uku, yana karanta sunayen waɗanda za a gabatar wa alƙalin da zai zo gobe duba masu jiran shari'a. Ya kira na biyar, ya kira na shida. Sai ya gyara murya, ya kira na takwas.

Ukasha, wani tela ɗan Roni da ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ya waiwaya ya dubi Zaharadeen Gwiwa. Saurayin na tsugune, kansa a ƙasa, kamar yadda yake yi duk sanda Daudu ya matso.

Wata tara ke nan yana tsare kan rigimar iyakar gona, ko sau ɗaya ba a kai shi kotu ba. Alƙalin nan kuwa shekara-shekara yake zuwa. Wanda bai samu ganinsa ba, sai baɗi.

Tun ranar da aka kawo Zaharadeen, Daudu ya sa shi gaba. Faskare shi ne na farko, wankin masai shi ne na farko. Kowane fursuna Daudu na kiransa da sunansa, wani lokacin har da zolaya, amma shi sai dai "kai", ko a nuna shi da kulki. Ranar Juma'a in mahaifiyarsa Dela ta kawo tuwo, Daudu ko kallonta ba ya yi. Sai ya tura wa wani ma'aikaci kwanon ya duba, kuma ita ce ta farko da yake cewa lokacinta ya cika.

Abin ya daɗe yana cin ran Ukasha, mutumin da ko a kasuwar Roni ba a san shi da riƙe baki ba. Ya ce wa Zaharadeen gobe ya tashi ya faɗi komai. Yaron ya roƙe shi don Allah ya bar maganar. Ukasha ya ɗauka tsoro ne, tausayi ya ƙara kama shi.

Washegari da hantsi aka jera su a ƙarƙashin rumfa. Ukasha ya san in alƙali ya tafi ɗakin horo ne makomarsa, amma ya miƙe. Ya zayyana komai, tun daga masai har sunan da aka tsallake jiya.

Alƙalin, wani dattijo mara son wasa, ya karɓi takardar sunayen. Sunan yana nan a na bakwai, da rubutun Daudu, har an ja masa layi biyu a ƙasa. Ya mayar wa Daudu da ita.

"Karanta mini na bakwai."

Daudu ya dubi takardar. Sai ya kawar da kai. Alƙali ya maimaita. A karo na uku ya ɗauki biro, ya ce shekara talatin a aiki ba za ta hana shi rubuta rahoton da zai raba mutum da kakinsa ba.

Sai Zaharadeen ya rarrafo gaba, bai ɗaga kai ba.

"Allah ya gafarta Malam, kada a tilasta masa. Tun da aka raɗa mini sunan nan bai taɓa kama shi ba. Ni ne ɗansa na fari."